Ƙafar Buba da Na Ara

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku idan ba na wurin, cewa Hauwa ce ta raba mu da gidanmu. Kabiru, ka faɗa mata haka ranar sadakar ukun Innarku, a bayan madafi, kana zaton ban ji ba. Na ji. Ban tanka ba ne saboda a ranar bakina ba shi da ƙarfi, gidan kuma cike yake da masu gaisuwa. Yanzu da na samu natsuwa ina so in shimfiɗa muku maganar yadda ta faru, har da wurin da ni kaina ban fita da mutunci ba. In kun gama karantawa kuka ga lallai sai an ɗora wa wani laifi, ba za ku sha wahalar nemansa ba.

Littafin da ya jawo komai na rubuta shi ne tun zamanin soja, ina koyar da Hausa a wata sakandare a Batsari. Kabiru yana rarrafe a lokacin, Hauwa ko cikinta ba a samu ba. Zamani ne da ko a ɗakin malamai mutum sai ya waiga kafin ya ce man fetur ya yi wuya. Abin yana cina, ba ni kuma da ƙarfin halin faɗa a fili, sai na yi abin da magabata suke yi, na bi ta gugar zana. Na ƙaga wani gari mai rijiya ɗaya tak. Wani mutum ya tashi ya ce maƙiya na shirin zuba wa rijiyar guba, ya yi mata murfin ƙarfe, ya sa kwado, ya rataye makullin a wuyansa. Da farko mutanen gari har godiya suka je yi masa. Sannu a hankali sai ya zama ba ya buɗe wa kowa sai wanda ya iya durƙuso, daga baya ya hana a ambaci kalmar ƙishirwa a garin. Ban ba shi suna ba, Mai Makulli kawai nake ce masa. A zuciyata rijiyar ita ce arzikin ƙasa, makullin shi ne mulki, mutumin kuwa kowa a wancan lokaci zai gane shi. Akwai kuma wani makiyayi gurgu a labarin, wanda ya san wani idon ruwa a daji, yana jan mutane ta wata ɓoyayyiyar hanya su je su sha. Shi na sa a madadin masu kawo labarin gaskiya da ake farauta a lokacin, na kuma gurgunta shi don ina ganin gaskiya ba ta da sauri amma tana isowa. A ƙarshe Mai Makulli ya sa aka jefa gurgun cikin rijiya, ruwan ya lalace, ba mai iya sha har shi kansa.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai da ya zama dole. Tafiyar gurgun nan ba ƙaga ta na yi ba, ta Buba ce. Kun san Buba, wanda rugarsu take yamma da ƙauyenmu, wanda yake riƙe mana shanu, garkensa kuma ke kwana a gonata bayan an cire amfani don ta samu taki. Bijimi ne ya taka masa ƙafar hagu yana saurayi, ta warke a karkace. Yana jan ta ne, sannan ya jefa kafaɗar dama gaba, in ya tsaya kuma ya ɗora haɓarsa a kan sanda. Duk na kwashe na zuba a takarda, ban rage komai ba, don na ga ya yi kyau a rubuce. Ban tambaye shi ba, ban ma ga abin tambaya ba. Da na gama, littattafan rubutu uku suka cika, tsoro ya hana ni kai wa kowa, na ba Innarku ta sa a ƙasan adakarta. Soja suka tafi, na manta da littattafan.

Shekaru suka ja, na yi ritaya, muka koma ƙauye muka kama noma. Sauran kun sani. Ɓarayin daji suka fara da shanu, suka koma kan mutane. Hanyar Runka ta zama sai da addu'a, gonakin nesa duk aka bar su. A nan Rabe ya shigo labarin, kuma ina so ku ji shi da adalci. Rabe ɗalibina ne, yaron da ke zama a bencin gaba, wanda kan ɗaga hannu tun ban gama tambaya ba. Mahaifinsa ya rasu, karatu ya tsaya, ya koma gyaran babur. Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana da rana tsaka, kowa yana neman maɓoya, shi ya tara samari da bindigogin toka suka tsaya a bakin kasuwa har maharan suka juya. Da ba don Allah ba don shi ba, da tun a ranar kun rasa uwa da uba. Bayan haka aka naɗa shi kwamandan 'yan sa-kai. Ya sa aka haƙa rami aka kewaye gari, aka bar ƙofa ɗaya, aka yi mata ƙyauren ƙarfe. Ni ma ina cikin dattawan da suka je yi masa godiya. Makullin ƙofar yana wuyansa, a igiya ɗaya da layunsa.

Ba a yi damina biyu ba sai ya zama Rabe ke faɗin wanda zai fita gona da wanda zai zauna. Wanda ya yi ƙorafi a yi masa bulala a gaban 'ya'yansa. Maigari ya koma sai dai ya zauna a zaure yana jan carbi. An hana Fulani shiga kasuwa, har matansu masu tallan nono. Buba kuwa, wanda ɓarayin suka riga suka kwashe masa fiye da rabin garke, ya matso da bukkokinsa dab da bakin rami ta waje. Daji ba ya yi masa, gari ba ya karɓarsa.

A cikin wannan hali Hauwa ta zo hutu daga Katsina. Tana neman wani zane a adakar Innarku ta ci karo da littattafan. Ta kwana biyu tana karantawa, sannan ta same ni a gindin darbejiya ina gyaran ƙotar fartanya.

"Baba, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne. Aikin ƙuruciya ne."

"Ka bar ni in karanta shi a waya in tura wa ƙawayena. Malaminmu na adabi ma zai so ya ji."

Ta tambaye ni, ku riƙe wannan. Ba ta yi gaban kanta ba. Ni na ce mata ta yi, kuma na faɗa ne cikin jin daɗi, irin na tsohon da aka tuna da shi. Ban yi tunanin Rabe ba ko kaɗan, domin a kaina Mai Makulli yana sanye da kakin soja ne, kuma ya daɗe a kabari. Ta karanta shi kashi-kashi da muryarta, ta koma makaranta. Ba a yi wata ba labarin ya zagayo ya dawo ƙauyenmu ta wayoyin samari. Wata safiya ina wucewa ta wurin mai shayi na ji jimlolina suna fitowa daga wayar wani, mutane sun yi tsit suna saurare. Ba zan ɓoye muku ba, na rage tafiya don in ƙara ji. Sai daga baya na lura cewa in Rabe ya wuce a kan babur, mutane kan kalli wuyansa su kalli juna. Mata a bakin famfo suka fara cewa Mai Makulli ya tashi da fushi yau, ba gona.

Innarku ce ta fara ganin inda abin ya dosa.

"Malam, wanga daɗin da kake ji, ba yabonka suke ba hwa. Abin da suke tsoron faɗi ne suka samu mai faɗa masu. In ta ɓaci kai za a nema, ba su ba."

Na ce mata labarin tsohon zamani ne, kowa ya sani. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san kura ba ta tambayar shekarun akuya.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da aka sace mutum uku a gonakin yamma, a ranar da Rabe da kansa ya ba da izinin fita. Gari ya ɗauki zafi. Kowa yana cewa akwai infoma, wato mai kai wa ɓarayi bayani, don ba yadda za a yi su san ranar in ba a gaya masu ba. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, babura biyu suka tsaya a ƙofar gidanmu. Suka ce Kwamanda yana son ganina. Suka kai ni makarantar firamare, wadda aka rufe tun da tashin hankali ya yi tsanani, 'yan sa-kai suka mai da ita sansaninsu. Rabe yana zaune a ofishin hedimasta, bindiga a kan tebur, waya a gefenta. Ya miƙe da ya gan ni, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi Inna da yara da damina, ya sa aka kawo mini kujera. Sannan ya kori kowa ya tura ƙofa.

"Malam, sau uku na saurari littafinka daga farko har ƙarshe."

"Tun kana firamare na rubuta shi, Rabe. Takardun suna nan, sun yi ja don tsufa. A kan soja na yi shi."

"Na yarda. Amma kai ka koya mana a aji cewa marubuci ba ya sa ko tsuntsu a kan bishiya a banza. Ka ce in mun ga abu a labari mu tambayi kanmu, mi yake tsaye a madadinsa. Har a allo ka rubuta mana, alamtarwa. Ka manta?"

Ban manta ba. Na tuna har ranar, da yadda ya ɗaga hannu.

"To ni na yi tambayar," in ji shi. "Makiyayi ne, gurgu, ƙafar hagu. Yana jefa kafaɗar dama, yana ɗora haɓa kan sanda. Ya san ɓoyayyiyar hanya zuwa daji. Malam, mutum nawa ne haka a ƙasar nan?"

Sai a lokacin na gane ba don kansa kaɗai ya kira ni ba. Na ce masa Buba bai san komai ba, ni na ɗauki siffarsa kawai kamar yadda mai zane ke kallon mutum ya zana. Ya ce ai shi ke nan, tunda na amsa da bakina cewa Buba ne. Ya ce tun asuba Buba yana hannunsu, a ajin da ke bayanmu. Na kasa kunne ko zan ji motsi, ban ji komai ba sai kukan kurciya.

"Mutane na zagina da littafinka," ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni da nake kwana a bakin rami suna barci. In suka raina ni, ƙofar nan ba za ta tsaru ba, kai ma ka sani. Bayan azahar za a taru a ƙofar maigari. Abu biyu nake so ka faɗa. Mai Makulli ba ni ba ne, soja ne. Gurgun kuma Buba ne. Duk gaskiya ne, ba ƙarya na ce ka yi ba. Ka faɗa ka koma gidanka, ba mai taɓa ka, ba mai taɓa ɗiyarka in ta zo hutu."

Ya ambaci Hauwa ne kamar a wucewa, yana duban wayar da muryarta ke ciki.

Ga wurin da na ce ban fita da mutunci ba. Na san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma a gaban taro. Ba a kai shi wurin 'yan sanda a Safana, ba a kai shi gaban alƙali. Na sani sarai. Amma na dubi bindigar, na tuna Hauwa a kan hanyar Katsina, na ce wa kaina ai kalmomin biyu duk gaskiya ne, abin da za su yi da su ba nawa ba ne. Na buɗe baki na ce, "To."

Suka mai da ni gida. Innarku tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba sai da baburan suka tafi.

"Mi ya ce?"

Na gaya mata duka.

"Kai mi ka ce masa?"

"Na ce to."

Ta ci gaba da tankaɗenta, rariya tana bugun tafin hannunta. Na tsaya ina jira ta yi faɗa ko ta yi kuka, ba ta yi ko ɗaya ba. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Lokacin da na yi ciwon nan a ƙauyen nan bayan haihuwar Kabiru, nonona ya ƙafe, madarar wace saniya ya sha har ya rayu? Wa ke kawo ta kullum da safe, da ƙafar tasa, cikin ruwan sama?"

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Ba zan ce muku a nan na yanke shawara ba, don ban yanke ba. Na yi sallar azahar ban san abin da na karanta ba. Na fita zuwa ƙofar maigari ina da niyyar faɗin abin da na yi alkawari, ina fatan wani abu zai faru ya hana a tambaye ni.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar a ƙauyenmu ba. Maza sun cika fili, mata suna leƙe ta kan danga. Hadari ya haɗo ta gabas, iska ta tsaya cik. Maigari da liman suna kan tabarma, Rabe yana tsaye, samarinsa sun yi layi da bindigogi. Aka ce a kawo shi. Suka fito da Buba daga lungu, hannuwansa ɗaure ta baya, ba sanda, ba hula, leɓensa a fashe. Da yake ba abin dogarawa, sai tafiyar ta fi kullum muni. Ya ja ƙafar hagu, ya jefa kafaɗar dama, ya ja, ya jefa. Sai na ji wani gunaguni ya ratsa taron, irin na mutanen da suka gane abu. Wani a bayana ya ce, "Wallahi kamar yadda aka faɗa a littafin." Wani har ya yi 'yar dariya. Mutanen nan sun san Buba tun suna yara, sun sha nonon shanunsa, amma a wannan lokacin ba shi suke gani ba. Gurguna suke gani, wanda na ƙaga a kan tebur da fitilar ƙwai, wanda kuma duk sun san yadda na ƙarasa da shi. Buba ya ɗago ya dube ni. Ba tuhuma a idonsa. Bai ma san dalilin da ya sa nake wurin ba, yana dubana ne kamar wanda ya hango ɗan'uwa a baƙon gari.

Rabe ya yi bayani gajere, sannan ya ce, "Ga Malam, shi ya rubuta. Shi zai faɗa maku da bakinsa."

Na fara da abin da yake so. Na ce littafin na rubuta shi tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke riƙe da bindiga a wurin, kuma a kan mulkin soja na yi shi. Rabe ya gyaɗa kai. Na ce tafiyar gurgun ta Buba ce, na ara ba da saninsa ba. Taron ya motsa, wani saurayi ya gyara riƙon bindigarsa. A nan ya kamata in yi shiru in zauna. Sai na ji bakina ya ci gaba.

"Ƙafar kawai na ara. Hanyar daji da idon ruwa daga kaina suka fito, Buba bai taɓa nuna wa kowa wata hanya ba. In kuwa kun ce kama ta isa shaida, to ku karɓe ta duka. Ba za a ce gurgun Buba ne don yana ɗingishi, sannan a ce Mai Makulli ba kowa ba ne alhali kowa na ganin abin da ke wuyan Kwamanda. Ko duka biyun labari ne, a kwance mutumin nan, ko duka biyun gaskiya ne. In gaskiya ne, kun saurara har ƙarshe, kun san wanda ya jefa gurgun a rijiya, kun kuma san abin da ya sami ruwan garin bayan haka."

Na ga hannun Rabe ya tashi zuwa ƙirjinsa, ya tsaya a rabin hanya, ya sauke. Ya dube ni tsawon lokacin da ban san iyakarsa ba, kuma abin da na gani a fuskarsa ba fushi kaɗai ba ne, har da irin kallon yaron da malaminsa ya tsinka a gaban aji. Saurayin da ke kusa da ni ya ɗana bindiga, na ji ƙarar ƙarfen a cikin haƙorana. Sai liman, wanda ya yi shekara biyu bai ce uffan a kan komai ba, ya yi gyaran murya.

"Kwamanda, ba a zubar da jini da tatsuniya. In akwai shaida a kawo. In babu, a ji tsoron Allah."

Wasu dattawa suka ce haka ne, a hankali, kowa yana duban ƙasa. Rabe ya juya ya kalli taron, ina jin yana auna su ne. Sannan ya ce a kwance Buba.

"Malam ya tsufa," in ji shi. "Garin da ake tsaro ba ya ɗaukar mai baki biyu. Shi da abokinsa su bar mana ƙasarmu kafin magariba. Sau ɗaya zan buɗe ƙofa."

Abin da motar a-kori-kura ɗaya za ta ɗauka shi muka ɗauka. Innarku ta tsaya a tsakiyar ɗakinta tana duban jerenta, ta zaɓi tukwane biyu da adaka, ta bar sauran. Ba ta ce mini na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Maƙwabta ba wanda ya fito taya mu lodi, sai wata tsohuwa da ta miƙo ƙullin daddawa ta kan danga. Rabe da kansa ya buɗe ƙofar, bai dube ni ba. Tare da Buba muka fita, muka tarar da iyalinsa a waje suna ɗaure kaya a kan jakuna. Mu muka yi gabas zuwa Batsari. Shi da 'yan shanun da suka rage masa ba su da hanya sai yamma, ta bakin dajin da ake cewa yana yi wa aiki. Ruwa ya sauko muna wuce gonata. Geron ya yi kyau a shekarar fiye da kowace shekara, ban san wanda ya girbe shi ba.

Zaman Batsari kun gan shi da idonku: ɗaki ɗaya a gidan mutane, Innarku da ta saba da tsakar gida mai faɗi tana girki a bakin ƙofa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma ta daina cin abinci sosai, ciwon ƙirjinta ya tashi, ba ta ga wata daminar ba. Hauwa ta goge duk abin da ta karanta daga wayarta, ta yi ta kuka tana neman gafarata, alhali ni ya kamata in nemi tata. Rabe kuma, bayan shekara ɗaya, an yi masa kwanton ɓauna yana raka manoma, ya tsaya har suka tsere, shi bai dawo ba. Da labarin ya zo mini na yi masa addu'a, na kuma yi hawaye, don yaron bencin gaba nake tunawa. An ce makullin yana wuyan wani yanzu.

Buba ban sake jin ɗuriyarsa ba sai bara, da na je Safana gaisuwar rasuwa na ratsa ta kasuwa. Na hango wani tsoho zaune a ƙasa yana tufka igiya, 'yan ƙulle-ƙulle a gabansa na sayarwa. Ya rame har na kusa wuce shi. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kowa da sunansa. Da na gaya masa Inna ta rasu ya ajiye igiyar ya daɗe yana addu'a. Na tambaye shi shanu. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini, ba komai. A makon da suka bar bakin rami ɓarayin suka tare su suka kwashe sauran, suna ce masa ɗan leƙen asirin gari.

Sannan ya ce:

"Malam, jikana ya sa mini labarin nan naka a waya, na ji shi duka. Ashe haka nake tafiya."

Na ce masa ya yafe mini. Na gaya masa har abin da ban gaya wa taron ba, cewa da safen ranar na ce wa Rabe to. Ya saurara yana murza zare a cinyarsa, fuskarsa ba ta canza ba.

"Wannan tsakaninka da tsoro ne, kowa na da nasa," in ji shi. "Ni abu ɗaya ke damuna. Shekara nawa muna tare, ka ɗauki ƙafata ba ka tambaye ni ba."

"Da na tambaya, da ka ba ni?"

Ya yi ɗan murmushi, ya ɗauki igiyarsa.

"Da na ba ka mana. Mi zan yi da ita? Sai dai da na roƙe ka kada ka jefa shi rijiya. Mutumin bai yi komai ba, ruwa kawai ya nuna wa mutane."

Na zauna a gefensa har aka kira la'asar. Ya miƙa mini hannu na tashe shi, muka tafi masallaci tare.